Kulocin Motar Surukina

Shekarar da 'yar farina ta dawo gida goyon ciki, mota ɗaya ce tak take kwana a ƙauyenmu, kuma ta mijinta ce. Akwai babura, akwai amalanken shanu, ranar kasuwa kuma wata tsohuwar motar haya takan tsaya can bakin jar hanya ta kwashi masu zuwa Magariya. Amma abin da za a kwantar da mace mai naƙuda a cikinsa, a ƙetare rairayin kwarin da ke tsakaninmu da jar hanya, a kai ta asibiti kafin abu ya ɓaci, motar nan ce kaɗai. Kowa ya san haka, har barka ake yi wa mai ɗakina. Mata sukan ce mata ita kam ta huta, 'yarta tana da mota a ƙofar gida.

Ni ban huta ba, kuma ina da dalili.

Na yi shekaru masu yawa a Damagaram ina riƙe da takardun motocin wata ma'aikata. Ban taɓa zama direba ba, ban kuma taɓa kwance inji da hannuna ba. Aikina shi ne motar da ta fita in rubuta, wadda ta dawo in rubuta, wadda ta lalace in bi ta garaji in tsaya a kan makanike har ya ciro abin da ya mutu, in gan shi da idona kafin in sa hannu. Ta haka na san faifan kuloci, wanda a takarda muke rubutawa ambireyaj. Faɗinsa bai wuce faifan rufe ƙwarya ba, an liƙa masa wani abu mai kaushi gaba da baya, kuma shi ne yake haɗa ƙarfin inji da ƙafafun mota. Idan direba ya taka kuloci ya raba su, idan ya saki ya haɗa su. Tsakanin takawa da saki akwai wani ɗan wuri inda faifan yake gugar ƙarfe, bai kama ba, bai rabu ba. Direban kirki da sauri yake wuce wurin nan. Wanda ya ajiye ƙafarsa a wurin, cin faifan yake yi, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa.

Surukina ba ni da abin zarginsa a wajen ladabi. Fataucin wake da gyaɗa yake yi zuwa tsallaken iyaka, ya dawo da kayan tireda. Idan ya hango ni a hanya yakan tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa, ko ya ratse ta bayan danga don kada mu yi ido biyu. Tun da aka ɗaura aure maganar da ta shiga tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba, kuma haka ya kamata. Ga shi mijin 'yar fari, wadda ita kanta ba na kiran sunanta, ba na kuma nuna damuwa da ita a gaban mutane. A cikin wannan tarbiyya na tashi, ban taɓa ganin aibunta ba.

Motar tsohuwar Turai ce mai cin gazuwal, wato man dizal, irin mai turbo. Bayan gari, ta gabas, akwai wani fako mai faɗi wanda ko da damina ciyawa ba ta fita a kansa. Nan samari masu motoci suka mayar filin tsere duk Jumma'a bayan la'asar. Wasu daga Dantchiao suke zuwa, wasu daga Dungas, akwai ma wani dogo da yake tasowa tun daga Sassumbrum. Hanyar gonata ta gefen fakon ta bi, don haka ba neman kallo na je ba. Na dawo ne daga duba gero, na ji ihu, na tsaya a bayan wata aduwa don kada yaron ya gan ni ya ji nauyi.

Tseren ba mai nisa ba ne. Daga gindin tsamiya zuwa wata tsohuwar rijiya, ba a ko gama shiga giya ta uku an iso. Saboda haka duk gwanintar tana wajen tashi. Motoci biyu su jeru, wani ya tsaya a tsakani ya ɗaga hula, idan hular ta taɓa ƙasa su ɓalle. A ranar nan surukina ne ya jeru da dogon nan na Sassumbrum.

"Ango," in ji dogon, ya leƙo ta taga, "ka ba akwalar taka koko ta sha tukuna, kada ta suma a hanya."

"Taka ka ji da ita," in ji wani daga cikin 'yan kallo, yana nuna dogon. "Satin jiya ƙura kawai ka tayar, sai da muka koma gida muka sake wanka."

"Ku matsa ku ba shi wuri, yau ma rijiya zai haƙa mana da taya!"

Surukina murmushi kawai ya yi ya gyara zama.

Turbo ba ya ba da ƙarfi sai inji ya ɗauki juyi sosai. Kafin nan mota kamar mai gyangyaɗi take, idan ya farka kuma ƙarfin gaba ɗaya yake zuwa. Don haka suke tashinsa tun suna tsaye. Duka biyun suka taka kuloci, suka danna totur, injuna suka yi ta hawa har wani siririn fito ya fito daga cikinsu. Hula ta faɗi. Dogon ya saki kulocinsa gaba ɗaya, tayoyinsa suka yi ta juyi a wuri guda suna watsa tsakuwa, motar tana karkata. Surukina ba haka ya yi ba. Tun kafin hular ta faɗi ya ja birkin hannu, ya ɗago ƙafarsa zuwa wurin nan da na ambata, ya ajiye ta. Motar ta duƙa tana makyarkyata, inji yana ja, birki yana riƙe, duk ƙarfin nan ba shi da wurin zuwa sai kan faifai. Da hular ta taɓa ƙasa sai ya saki birkin, amma bai gama sakin kulocin ba, ya ci gaba da lallaɓa shi har motar ta miƙe. Tayarsa ko sau ɗaya ba ta zame ba. Kafin dogon ya kama ƙasa, shi ya kai rijiya.

Aka ɗauki ihu ana jifa da huluna. Iska ta juyo ta wajena da wani wari kamar ana babbakar ƙafar saniya. Na san warin nan. Duk motar da na taɓa jin sa a jikinta a Damagaram, ba ta daɗe ba na sa hannu a takardar janyo ta. Kafin in bar wurin surukina ya sake tashi har sau da dama, kowane tashi da irin wannan dabara, don ita ce take ba shi nasara.

Bayan 'yan kwanaki ya kawo wa matarsa kayan cefane. Kamar yadda ya saba, ya tsaya nesa da ƙofa ya aika da su ciki. Akwai ɗan tudun rairayi kusa da gidana. Ina zaune a zaure na saurari motar tana hawansa da zai koma. Muryar inji ta ɗaga sama, amma tafiyar motar ba ta bi ta ba sai daga baya, kamar mai amsa kira da jinkiri. Faifan ya fara zamewa.

Na shiga na sami mai ɗakina tana tankaɗe. Na faɗa mata abin da na gani da abin da na ji.

"Malam, yara ne, wasa suke yi. Kai ma a zamaninka ba ka yi sukuwa da keke ba?"

"Keke ba shi zai kai yarinyar nan asibiti ba. Motar nan, yadda take yanzu, idan ta shiga rairayin kwari da kaya a cikinta, ba za ta fita ba."

Ta ajiye rariya. "A'uzu billahi! Kada ka yi mana mugun baki, tana ɗaki tana jin ka." Ta dubi ƙofar ɗakin, sannan ta rage murya. "Idan abin ya dame ka haka, ka aika ƙaninka mana. Kai dai ba za ka tare shi ba."

Ban yi niyyar tare shi ba. Na yi tunanin rubuta masa takarda, na ga cewa takarda daga suruki sammaci ce, kuma kiran waya magana ce kamar kowace magana. Hanyar da aka sani ita ce in gaya wa ƙanena, shi ya gaya wa baffan yaron, wanda ya karɓa masa aure, baffan kuma ya gaya masa. Na kira ƙanena zaure na zaunar da shi. Na ce a faɗa wa yaron ya bar tseren fako daga yau, ya kai motar a ciro faifan kuloci a sa sabo, domin wanda ke ciki ya kusa ƙarewa, kuma idan bai yi haka ba motar za ta mutu a cikin kwari ranar da aka ɗauki matarsa. Na sa ƙanena ya maimaita.

"Yaya, ko in ɗauko maka tambari ka buga a goshina? Wannan ai ba saƙo ba ne, hukuncin alƙali ne."

"Ka faɗa yadda na faɗa."

"To, ranka ya daɗe, sakataren gwamna. An gama."

Ya sayi goro ya tafi. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce an isar, dattijo ya ji, ya gode, ya ce za a gyara. Washegari motar ta bar gari, ta yi kwanaki ba ta dawo ba. Jumma'a ta zo, na ji ihun fako daga nesa, babu muryar motar surukina a ciki. Na yi wa Allah godiya.

Ranar da ta dawo, tun kafin in gan ta na san an taɓa injin. Muryar ta yi kauri, fiton turbon ya ƙara tsini, kuma duk inda ta wuce sai ta bar baƙin hayaƙi a rataye. An wanke ta, an sa mata sababbin tayoyi, an shimfiɗa wa kujerun baya sabon yadi. Da yamma baffan yaron ya zo gaishe ni, fuskarsa cike da fara'a. Dattijo ne manomi, mutumin kirki, sa'ana a shekaru. Mushe yake kirana, kirarin Faransanci da ake yi wa duk wanda ya yi aikin ofis a wajenmu.

"Mushe, ɗanka ya ji saƙo, kuma wallahi ya ji daɗi da ka tuna da shi. Can tsallake ya kai ta. An buɗe mata famfon mai, an ƙara wa abin nan mai fito ƙarfi. Ya ce in gaya maka ka kwantar da hankalinka, ranar da aka buƙace ta, kafin mutum ya gama alwala tana Magariya."

"Faifan kuloci fa?"

"Wane faifai?"

Faifan da ya kasa riƙe tsohon ƙarfi, shi aka ƙara wa kaya. Na bar dattijon ya gama hirarsa, na raka shi, na wuce gidan ƙanena kai tsaye. Na same shi yana gyaran hauya.

"Me ka faɗa wa mutumin nan?"

Bai ɗago ba. "Na ce Yaya yana gaisuwa. Na ce ya ce a riƙa kula da mota, a shirya ta da kyau saboda lalura, tunda damina ce."

"Haka na ce maka?"

"Yaya, don Allah ka duba. Ta yaya zan zauna gaban dattijo, goro a hannuna, in ce masa motar ɗansa za ta mutu a daji da 'yarmu a ciki? Wa yake faɗin haka a kan mai ciki? Idan wani abu ya faru, ka san bakin wa za a ce? Kuma in ce ya bar wasa, sai su ce mun fara mulkin yaro tun ba a haihu ba. Na ɗan gyara maganar ne kawai."

Har yau idan na tuna kalmar nan, gyara, raina yana ɓaci. A aiki, idan na rubuta cewa birki ya mutu, babu wanda yake da ikon mayar da shi birki yana gaisuwa. An ɗauki gargaɗi an wanke shi, an shafa masa mai, an miƙa wa yaro, shi kuma don girmama ni ya kwashi mota ya je ya ƙara mata abin da zai kashe ta. Kowa a cikinsu ladabi ya yi.

Na koma wurin baffan da kaina, tunda shi babu kunya a tsakaninmu. Na zauna na bayyana masa faifan, da inda yake, da abin da yake cinsa. Ya saurara, amma na ga fara'ar ta janye. A ganinsa an aiko, sun yi abin da ya fi wanda aka nema, ga shi an dawo da wani ƙorafi.

"To, Mushe, mu ba mu shiga lakwal mun yi boko ba, ba mu san cikin mota ba. Amma yaron ya yi iya ƙoƙarinsa. Wasan fakon ne ba ka so, ko? Za a hana shi."

An kuwa hana shi, ya kuma hanu. Daga ranar bai sake jera mota a gindin tsamiya ba, duk da tsiyar da abokansa suka riƙa yi masa cewa an ɗaure ango da igiyar suruki. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Mai ɗakina ta ce mini ga shi na samu abin da nake so. Amma faifan kuloci ba jiki ba ne da zai warke da hutu. Yana nan yadda aka bar shi, kuma motar tana ci gaba da ɗaukar buhunan wake. Duk lokacin da ta hau tudun ƙofar gidana sai in ji tazarar da ke tsakanin muryar inji da tafiya ta ƙaru.

Na kawo shawarar a kai yarinyar Magariya tun da wuri, ta zauna wurin ƙanwata da ke aure can, kusa da asibiti. Tsofaffin gidanmu suka taru a kaina. Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yi, in ji su, idan aka kai ta wani gida za a ce mun gaji da ita, kuma wanda ya kai mai ciki bakin asibiti tun ba ta fara ciwo ba, kiran wahala yake yi. Mai ɗakina ba ta goyi bayansu da baki ba, ba ta kuma goyi bayana ba. Abin da ya rage mini shi ne na je wurin maƙwabcina mai amalanke, na roƙe shi ya riƙa barin shanunsa kusa da gida. Ya ce in sha Allah. Lokacin noma ne, na san shanun ba za su zauna ba.

Ciwon ya fara mata wata ranar da yamma. Namiji ba ya tambaya, uba kuwa balle, don haka na zauna a zaure ina ganin shigar ungozoma da fitar mata da ruwan zafi. Gari ya waye, hantsi ya ɗaga, ban ji kukan jariri ba. Sai mai ɗakina ta fito ta tsaya a bakin zaure, mayafinta a karkace.

"Malam, a kira mota."

Nan da nan surukina ya iso da motar. Aka fito da yarinyar a lulluɓe, aka kwantar da ita a baya, kanta a cinyar uwarta, ungozoma ta shiga, wata gwaggonta ma ta matsa ta zauna a gaba da ƙullin kaya. Kafin in hau bayan babur ɗin ƙanena na aika a gaya wa maƙwabcina ya ɗaura shanu ya biyo mu.

"Yaya, amalanke a bayan mota? Ai cin fuska ne ga yaron."

"Ja mu tafi."

Shanun suna wata gona mai nisa, sai da aka je nemansu.

Hanyar ta ratsa tsakanin gonaki, gero ya kai ƙugu, sararin sama ya yi nauyi ta gabas ba tare da iska ba. Motar tana gabanmu tana tafiya da kyau a inda ƙasa take da ƙarfi, har ƙanena ya waiwayo ya ce in gani. Ni dai kunnena yana kan injin. Muka iso kwarin. Ruwa ya wuce ta cikinsa kwanan baya ya bar rairayi mai laushi, kuma gaɓar tsallaken tana da tsayi. Yaron ya shiga da gudu kamar yadda ake yi. A tsakiya rairayin ya kama ta, gudun ya ragu, ya sauko giya, ya ɗan taka kuloci don ya tashi turbon, yadda kowane direban yankinmu yake yi a cikin yashi. Turbon ya tashi. Inji ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, motar ta ɗan matsa kamar taku guda, ta tsaya.

Na sauka daga babur na dubi tayoyin. Da suna juyawa suna haƙa rairayi, da da sauƙi, sai a tona a sa itace a tura. Ba sa juyawa. Inji yana ta kururuwa, tayoyi suna tsaye cak kamar ba na motar ba. Wani farin hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashi.

Manoma suka yar da hauyoyi suka sheƙo. "A tura! A tura! Direba, ba ta wuta!" Ya ba ta wuta. Suka sa kafaɗa, ƙafafunsu suna nutsewa, motar ba ta motsa ba. Ya sake giya, ya sake dannawa, ya sake, gumi yana zuba daga haɓarsa. Na taka har bakin tagarsa.

"Kashe injin."

Ya ɗago ya dube ni. Ranar na fara ganin ƙwayar idonsa. Ya kashe. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni, domin a cikinsa na ji muryar 'yata. Tun jiya ta danne, kamar yadda aka koya wa mai haihuwar fari, ko nishi ba a ji ba. Yanzu wani sauti ne siriri yake fita daga bakinta ba da saninta ba. Na juya baya na tafi gindin wani gawo. Babur ba zai ɗauke ta ba. An kira waya ana neman wata mota, wadda aka samu tana can wata kasuwa mai nisa. Ungozoma ta sa mata suka kare tagogin da zannuwa saboda rana. Surukina ya durƙusa a cikin rairayi kusa da tayar gaba, hannuwansa biyu a ka.

Sai da rana ta wuce tsaka muka ji ƙarar amalanke. Aka shimfiɗa tabarma da zannuwa, aka ɗauke ta aka kwantar. Shanu ba su san sauri ba. Na bi su a ƙasa, ina kallon inuwarmu tana tsawo. A bakin jar hanya muka sake jira, har Allah ya kawo wani ɗan kasuwa da motar kaya, ya sauke buhunansa a gefen hanya ba tare da an roƙe shi ba. Ana kiran la'asar muka shiga Magariya.

Ma'aikatan asibiti suka karɓe ta nan take, suka shiga da ita ɗakin aiki. Kafin magariba wata daga cikinsu ta fito ta ce uwar tana da rai, ɗan kuma namiji ne, ya zo babu rai. Na tambaye ta ko da mun iso da hantsi da an same shi. Ta ce, "Baba, wannan Allah kaɗai ya sani." Haka ta faɗa, haka nake rubutawa, ba zan ƙara mata komai ba. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Abin da na sani da ilimina shi ne lokacin da motar ta tsaya, da lokacin da muka iso, da abin da ya tsayar da ita.

Aka yi ta zuwa gaisuwa. Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba da mai amfani. Babu wanda ya ambaci mota. Shanu suka janyo ta daga kwari bayan kwana biyu, aka shigo da ita gari ta bayan gidaje.

Da yarinyar ta gama wanka ta yi arba'in, baffan ya zo neman a mayar da ita ɗakinta. Na ce ba da shi zan yi maganar ba, yaron ya zo da kansa, ya shigo zaurena, ya zauna a tabarmar da nake zaune. Dattijon ya dube ni kamar na zage shi. Ƙanena ya ce in ji tsoron bakin mutane. Na ce su faɗi abin da za su faɗa.

Ya zo. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya raɓe a bakin ƙofa. Na ce ya matso, ya matso kaɗan. Na ce ya ɗago kai.

"Ka san faifan yana zamewa?"

"Na sani, Baba. Kaɗan-kaɗan yake yi. Na ce bayan suna in canja. Da aka ce kun ce a shirya mota, sai na ga idan ta ƙara ƙarfi za ta rufe wannan."

"Ba wanda ya ce maka faifan nake nufi?"

"Babu, Baba."

Ban yi masa faɗa ba, don abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi. Na ce daga yau, duk abin da ya shafi motar nan da lafiyar matarsa, ni da shi za mu yi magana baki da baki, ba ɗan aike. Na ce kuma idan Allah ya sake ba ta ciki, tun kafin watan haihuwa ya kama za ta koma Magariya wurin ƙanwata. Ya ce ya ji, ya yarda. Da yamma ta koma ɗakinta.

Tun daga nan baffan yakan gaishe ni a tsaye, a gajarce. A majalisa an ce boko ya cire mini kunya, ina zama da suruki gwiwa da gwiwa kamar abokin dara.

Yanzu yarinyar tana da wani cikin, kuma lissafin mata ya nuna da damina zai zo. Wannan karon haihuwar a gidan miji take, don haka maganar tana hannun uwarsa, ita kuwa ta riga ta ce ba a taɓa kai matar gidansu haihuwa gidan wasu ba. Makon jiya na tsayar da surukina a hanya na tambaye shi wane irin faifai aka sa wa motar. Ya amsa mini kai tsaye, kamar yadda muka yi alkawari. Ba sabo ba ne. Irin nata ya yi wuyar samu, sai tsohon aka kankare, aka buga masa wata fatar da ƙusoshi a can tsallake. Makaniken ya ce zai yi, idan an lallaɓa.

Na aika wa ƙanwata ta share ɗaki. Gobe da safe zan je gidansu in nemi ganin uwarsa.